Muhawara: harajin ambaliya da bashin makarantu a gundumar Harris, a ce e ko a ce a'a?

Zauren Hausawan Hiyuston da Kewaye, jihar Teksas ta Amurka, Oktoba 2024

Bilkisu Alief:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a taimaka min. Bana ne zaɓena na farko tun da na zama 'yar ƙasa. Jiya da daddare na buɗe samfurin takardar ƙuri'ata, a zatona Trump ne da Kamala sai sanata, shi ke nan. Ashe abin ba ya ƙarewa. Alƙalai kaɗai sun cika shafi, can ƙasa kuma ga wata tambaya a kan ƙarin harajin hukumar yaƙi da ambaliya ta gunduma, wai in ce na yarda ko ban yarda ba. Wa ya san kan abin nan? Sannan ƙawata ta ce akwai ta bashin makarantu, ni kuma ban gan ta a tawa ba. Ko kuskure aka yi min?

Garba Tirela:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, duk inda kika ga an rubuta haraji ki danna a'a ki wuce. Ba sai an yi dogon turanci ba.

Injiniya Sani:
Haba Garba, ka bari ta san abin da za ta ƙi tukuna.

Bilkisu, ba kuskure ba ne. Takardar kowa adireshinsa take bi. Ke kina ƙarƙashin hukumar makarantun Alief, ƙawarki kuma ina kyautata zaton tana ƙarƙashin ta Hiyuston, wato HISD, su ne ke neman izinin cin bashin dala biliyan 4.4. Wanda ba ya cikin yankinsu ba shi da ta cewa, ba kuma zai biya ba.

Ta ambaliyar kuwa ta kowa ce a gundumar Harris. Kuma a lura, wannan ba bashi ba ne, ƙarin haraji ne kai tsaye. Hukumar tana karɓar wajen santi 3 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, tana so ya koma kusan santi 5. Lissafinsu shi ne mai gida matsakaici zai ƙara kimanin dala 60 a shekara, su kuma su samu ƙarin wajen dala miliyan 100 duk shekara don gyara da kula da magudanan ruwa. Abin da ya sa ake tambayarmu: tun 2019 dokar Teksas ta ce gunduma ko birni ba za su ƙara kuɗin shigar harajin gidaje na ayyukan yau da kullum sama da kashi 3.5 a shekara ba sai da amincewar masu zaɓe. Wannan ƙarin ya zarce haka nesa, dole a zo wurinmu.

Garba Tirela:
To ai ka ƙara min hujja. Ba a 2018 aka amince musu su ci bashin dala biliyan biyu da rabi ba? Ina suka kai?

Hajiya Maman Sadiq:
Garba, kai a 2017 kana ina? Ka zo garin nan ma kuwa?

Garba Tirela:
Ina Ohayo lokacin, Hajiya. A talabijin na gani.

Hajiya Maman Sadiq:
To shi ya sa. Mu a cikin ɗaki muka gani. Daren da ruwan guguwar Harvey ya shigo mana, ƙarfe biyu da wani abu, ƙarar firji ce ta tashe ni, yana iyo yana bugun bango. Kafin asuba ruwa ya kai min ƙugu. Alhaji ya ɗauki Sadiq a wuya, ni na ɗaure fasfo-fasfo da takardun gida a leda na ɗora a ka kamar mai tallar fura. Wani maƙwabci ne ɗan Meksiko ya fitar da mu a kwalekwalen kamun kifinsa. Wata bakwai muna raɓe a gidan mutane. Lefena, atamfofin da uwata ta bar min, duk sun tafi bola. Kuma ba mu da inshorar ambaliya, don lokacin da muka sayi gidan an ce unguwar ba ta cikin taswirar haɗari.

Gidaje sama da dubu 150 ruwan nan ya shiga a gundumar nan kaɗai. Saboda haka in an ce dala biyar a wata don a yashe rafi, ni ko tambaya ba na yi. Kafet ɗin falo kaɗai da muka sake ya fi harajin shekara ashirin.

Bilkisu Alief:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Hajiya.

Injiniya Sani:
Amin. Amma tambayar Garba ba ta banza ba ce, kada mu share ta da tausayi.

An yi zaɓen bashin nan ranar 25 ga Agusta 2018, shekara ɗaya cif da saukar Harvey. Sama da kashi 85 suka ce e, amma waɗanda suka fito ba su kai ɗaya cikin goma na masu rajista ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, jerin ayyukan da aka yi alkawari ya kusa ninka biliyan biyu da rabin. An yi lissafi ne da zaton gwamnatin tarayya da ta jiha za su cika sauran. Sai ga shi a Mayun 2021 ofishin filaye na jihar Teksas ya raba kason farko na kuɗin rigakafin da tarayya ta aiko, wajen dala biliyan ɗaya, Hiyuston da gundumar Harris ba su samu ko sisi ba. Su da ruwan ya fi cinyewa. Da aka yi ca, shugaban ofishin na lokacin George P. Bush ya nemi a ware wa gundumar miliyan 750. Shekaru aka ɓata a wannan ja-in-ja, farashin kankare da ƙarfe kuma bai tsaya jiran kowa ba. Waɗanda suka fi jin jiki su ne unguwannin talakawa na bakin rafin Halls da na Greens, don ayyukansu ne suka fi dogara da kuɗin waje.

An yi aiki, ba a ce ba a yi ba. Duk mai bin gefen rafin Brays ya ga yadda aka faɗaɗa shi aka ɗaga gadoji, an tona manyan tafkunan tara ruwa, an sayi gidajen da kullum suke nutsewa an rushe. Amma kuɗin bashi na gini ne. Ba a ɗaukar sa a biya mai yankan ciyawa ko mai kwashe yashi. Magudanan da hukumar ke kula da su sun kai kimanin mil 2,500, kuma kowane sabon tafki ƙarin nauyi ne. Kamar mutum ne ya ci bashi ya sayi tirela, ba shi da kuɗin canjin mai. Kai Garba ka fi ni sanin ƙarshen wannan motar.

Garba Tirela:
Hhhh Injiniya ka kama ni ta inda ba na iya gudu. Amma dai ni ɗan haya ne, ba ni da gida. Wannan rigimar masu gida ce.

Kawu Ɗanladi:
Ɗana, sake tunani. Ina da gida ɗaya da na ba haya. Duk shekarar da takardar haraji ta zo da ƙari, kana tsammanin daga ina nake cikawa? Daga fansho na? Sabuwar yarjejeniyar haya ce take ɗauka. Kai ma kana biya, sunanka ne kawai ba ya kan takardar.

Teksas ba ta karɓar harajin albashi, shi ya sa mutane ke tururuwa daga Kalifoniya suna murna. Sai sun sayi gida su gane inda aka ɓoye wuƙar. Ku ɗauko takardar ku karanta layi-layi: makarantu, su ne mafi tsoka, gunduma, hukumar ambaliya, asibitocin gunduma, tashar jiragen ruwa, kwalejin yanki, birni in kana cikin birni, in kuma kana sababbin unguwannin bayan gari ga harajin hukumar ruwa da magudana ta unguwa, wanda wani lokaci yakan fi na birnin ma. Kowanne dala kaɗan yake cewa. A 2022 mun amince da biliyan 1.2, miliyan 900 na tituna da magudana, 200 na wuraren shaƙatawa, 100 na gine-ginen tsaro. A 2023 mun amince da biliyan 2.5 na asibitoci, har da sabon asibitin LBJ. Bana kuma majalisar gunduma ta fake da dokar bala'i, saboda guguwar Mayu da ta Beryl, ta ƙara kashi 8 ba tare da ta tambaye mu ba. Kowannensu in ka ɗauke shi shi kaɗai yana da hujja. Aljihun dai ɗaya ne.

Ban ce zan ƙi ba. Ina faɗa ne don yara su daina jin "dala biyar kawai" suna gyaɗa kai.

Malam Habu:
Ni tambayata daban ce, kuma ba don in ɓata wa kowa rai ba. Wannan takardun lamuni da ake magana, bashi ne da ruwa. Masu kuɗi su saya, a riƙa biyansu riba shekara ashirin ko talatin daga harajinmu. In na danna e, ban sa hannu a riba ba kuwa?

Injiniya Sani:
Malam, ta ambaliyar ba ta shiga wannan ba, babu mai ba da rance a cikinta. Haraji ne a karɓa a kashe. Ta makarantun ce bashi.

Malam Habu:
Na gane. To ni ina cikin HISD, ta shafe ni.

Dokta Amina:
Allah gafarta Malam, ni ba malama ba ce, amma ga yadda nake kallon abin. Ko ka danna e ko a'a, harajin da kake biya yau wani kasonsa bashin 2012 yake biya, na biliyan 1.89 da aka gina manyan sakandare da shi. Titin da kake bi zuwa masallaci ma da irin wannan kuɗi aka shimfiɗa shi. Ba na cewa hakan ya halatta komai. Ina cewa ne a nan babu wata ƙofa ta biyu. A gida an samo sukuk, wato takardun lamuni na Musulunci marasa riba: jihar Osun ta fara a 2013 ta gina makarantu, gwamnatin tarayya ta bi a 2017 da naira biliyan 100 na hanyoyi, duk mun ga allunan a bakin titi. A nan ba a sa mana wannan zaɓi a takarda ba. Ko bashi mai ruwa, ko yara su ci gaba da zama a ajin da na'urar sanyaya ɗaki ta mutu a watan Agusta.

Malam Habu:
Na ji Dokta, kuma maganarki tana da nauyi. Amma biyan abin da aka ɗora maka dole daban, ɗaga hannu ka ce a ƙaro daban. Zan kai wa liman tambayar ranar Juma'a. In zuciyata ba ta natsu ba, sai in tsallake layin. An ce ana iya barin tambaya ba amsa ko?

Shugaban Zaure:
Ana iyawa Malam. Ƙuri'arka ba ta lalacewa don ka bar wani layi.

Tunda na shigo, bari in yi gargaɗin da nake yi duk shekara. Mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ba ya zaɓe. Ko tambayar haraji ce, ko kana da gida uku kana biyan haraji fiye da kowa. Wanda ba ɗan ƙasa ba in ya jefa ƙuri'a, ko ya yi rajista ya ce shi ɗan ƙasa ne, laifi ne da kan jawo kora daga ƙasar. Garba da kai nake.

Garba Tirela:
Ranka ya daɗe ni bakina kawai nake kaɗawa, ba ƙuri'a ba.

Maman Iman:
Dokta, ki yi haƙuri, a kan makarantun nan ba ma tare. 'Ya'yana uku suna ciki, na fi kowa son a gyara gine-gine. Akwai makarantun da famfunansu ke da matsalar dalma, akwai waɗanda yara ke karatu a ɗakunan wucin gadi shekara da shekaru. Duk na yarda. Amma wa zan miƙa wa biliyan 4.4? Tun Yunin 2023 jiha ta karɓe hukumar, ta ajiye wakilan da muka zaɓa gefe, ta naɗa nata, ta kawo Mike Miles ya shugabanci makarantun. Ba mu muka sa su ba, ba kuma za mu iya cire su ba. Yanzu su zo su ce mu sa hannu a bashi mafi girma da wata hukumar makaranta ta taɓa nema a tarihin Teksas, wanda jikokina za su tarar ana biya. In an kashe ba daidai ba, wa zan kama? Iyaye suna cewa ba amana, ba bashi, ni ma a nan na tsaya. Ku duba fa, jam'iyyar Dimokurat ta gunduma da ta Rifablikan duk sun ce a ƙi. Yaushe rabon da ku ga waɗannan biyun sun sha a ƙwarya ɗaya?

Dokta Amina:
Na fahimce ki Maman Iman, kuma ba na kare kowa. Sai dai rufin da ke yoyo bai san wa ke shugabanci ba. In an ƙi bana, sai wace shekara? Kafin a sake shirya wani, farashi ya tashi, yaran da ke aji uku sun gama firamare a ginin nan dai.

Maman Iman:
Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A dawo mana da zaɓaɓɓu, su kawo, in danna e da hannu biyu.

Bilkisu Alief:
Wani abu ya ɗaure min kai. Ƙawar tawa ta ce hukumar makarantun ta ce ba za a ƙara haraji ba, amma a takardar an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan ƙarin harajin gida ne. Wa ke ƙarya?

Kawu Ɗanladi:
Babu, 'yata, ko kuma duka biyun, ya danganta da yadda kika tsaya. Dokar jiha ce ta tilasta a rubuta wannan jimla a kan kowane bashin makaranta, ko me hukumar ta ce. Su kuma abin da suke nufi shi ne ba za su ɗaga ma'aunin ba, wato santi nawa a kan dala 100. Tsohon bashi yana ƙarewa, sabo ya hau gurbinsa. Amma da ba a ci sabon ba, ai da ma'aunin ya sauka. Sannan ko ma'auni bai motsa ba, in masu ƙiyasi suka ce gidanki ya ƙara daraja, kuɗin da za ki biya ya hau. A nan ne yawancinmu ake yanka mu muna barci.

Kuma ga abin haushi. A watan Mayun bana, karon farko, aka ba jama'a dama su zaɓi mutum uku a kwamitin hukumar ƙiyasin gidaje. Na je rumfa, ni da ma'aikatan zaɓe ne kawai muna kallon juna. Mutanen da ke kuka da ƙiyasi duk shekara, ko ɗaya ban gani ba.

Usman Kano:
Ina bin ku daga Kano, yayana ne ya sa ni a zauren. Wallahi abin naku kamar tatsuniya. Wato gwamnati sai ta tambaye ku kafin ta ci bashi? Mu a rediyo muke jin an ciyo, in ma an ji. Sai a watan Yulin nan ne Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, har yau ana ta kai-kawo a kai. Ga Maiduguri, madatsar Alau ta ɓalle a Satumba ta cinye rabin gari. Da an taɓa tambayar mutanen can ko za su ba da wani abu a gyara ta, ai da gudu za su bayar.

Injiniya Sani:
Usman, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma kada ka ɗauka nan aljanna ce. Gundumar nan tana da mutum sama da miliyan 4.7, ita ce ta uku a yawan jama'a a duk Amurka, kuma mutum biyar ne ke riƙe da kasafinta: kwamishinoni huɗu da shugabarsu Lina Hidalgo, wadda ake kira alƙaliyar gunduma ko da yake ba shari'a take yi ba. Doka ta ce sai huɗu sun zauna kafin a yanke ma'aunin haraji. A 2022 kwamishinoni biyu, Tom Ramsey da Jack Cagle, suka ƙi zuwa zama makonni, har wa'adi ya wuce, dole aka koma ƙaramin ma'auni. Hukumar ambaliya da asibitoci na cikin waɗanda kasafinsu ya ragu. Wasu sun yaba musu, sun ce sun kare aljihun jama'a. Wasu sun ce sun yi garkuwa da gunduma. Cagle ya faɗi zaɓe a Nuwamban shekarar, Lesley Briones ta hau, yanzu ɓangare ɗaya ke da huɗu, wannan dabarar ta mutu. Ka ga siyasa ce a ko'ina, ta nan dai a rubuce take.

Ɗan Damagaram:
Ni dai abin da na sani, ranar Beryl sati guda ba mu da wuta, naman layya duk ya lalace a firiza. Wannan harajin zai gyara wuta?

Injiniya Sani:
A'a, wuta ta kamfani ce, babu ruwan gunduma.

Ɗan Damagaram:
To madalla. Kowa da nasa ofishi, ruwa kuwa in ya zo ba ya tambayar ofishi.

Bilkisu Alief:
Na gode ƙwarai, kaina ya waye. Tambaya ta ƙarshe, zan iya duba waya a ciki? Ba zan iya haddace sunayen alƙalan nan ba.

Shugaban Zaure:
A'a, an hana amfani da waya a wurin jefa ƙuri'a. Rubuta a takarda ki shiga da ita, wannan an yarda. Ki tafi da lasisin tuƙi ko fasfonki na Amurka. Jefa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe yana nan har 1 ga Nuwamba, kuma kowace rumfa a gundumar za ki iya zuwa. Babu maɓallin zaɓen jam'iyya gaba ɗaya, an cire shi tun 2020, sai kin bi ɗaya bayan ɗaya. Tambayoyin kuɗin suna can ƙarshe, kada ki gaji ki fita.

6 ga Nuwamba

Injiniya Sani:
Ga sakamako ga masu tambaya ta akwatin sirri. Harajin ambaliya ya wuce da ƙyar, kashi 51 da ɗan wani abu. Bashin HISD ya faɗi, wajen kashi 58 sun ƙi.

Hajiya Maman Sadiq:
Da ƙyar? Shekara bakwai kacal da Harvey, wata huɗu da Beryl? Lallai ɗan Adam.

Kawu Ɗanladi:
Ba mantuwa ba ce Hajiya. A 2018 waɗanda ruwa ya ci ne suka fito. Jiya kowa ya fito, har wanda inshorar gidansa ta ninka bana.

Dokta Amina:
Maman Iman, kun yi nasara. Yanzu sai a faɗa mana yadda za a yi da rufin.

Maman Iman:
Ba murna nake ba Dokta, wallahi. 'Ya'yana ne a ƙarƙashinsa.

Malam Habu:
Ni na tsallake na makarantun, na danna e a na ruwa.

Bilkisu Alief:
Ni ma e na danna, hannuna har rawa yake. Kawu, yaushe ƙarin zai fara? Mu ta bankin bashin gida muke biya.

Kawu Ɗanladi:
A takardar bana zai fito, wadda wa'adinta 31 ga Janairu. Bankin zai biya, sannan ya sake lissafin abin da yake cire muku duk wata, sai ku ga wasiƙa. Kafin nan duba min abu ɗaya: kun cike takardar rangwamen gidan zama kuwa da kuka sayi gidan? Kyauta ake cikewa, kada ki biya masu aiko wasiƙa suna neman kuɗi. A bana, 2024, tana cire dala dubu 100 daga darajar da makarantu ke yi wa haraji, gunduma kuma ta cire kashi 20.

Bilkisu Alief:
Kai. Bari in tambayi maigidan, ban taɓa jin ya ambace ta ba.

Kawu Ɗanladi:
Tambaye shi yau. In bai cike ba, ana karɓar ta a makare har shekara biyu baya, su mayar muku da rarar.